Sulhu a gaban mai unguwa ko ƙara a kotu?

Kusan kullum sai an tambaye ni a Daura: idan rikicin gado ko na iyakar gona ya taso, ina ya fi a dosa?

Ta fannin kuɗi, sulhu ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Zama ɗaya ko biyu a zauren mai unguwa, liman da dattawa na gefe, an gama. In ta gagara a wuce gaban dagaci, sannan hakimi. Kotu kuwa akwai kuɗin shigar da ƙara, wani lokacin da lauya, ga ɗage zama.

Sai dai sulhu na da rauninsa, kuma nan na fi damuwa. Kunya kan sa mace ko maraya su ce "na yafe" alhali rai bai so ba. Sau da yawa ma ba a rubuta komai, in shaidu suka rasu magana ta dawo ɗanya. Hukuncin alƙali a rubuce yake, ana iya tilasta shi, wanda bai gamsu ba ya ɗaukaka ƙara.

Maƙwabta da 'yan'uwan da gobe za su haɗu a masallaci, sulhu ya fi musu. Wanda aka fi ƙarfinsa, ko mai neman takardar da jikoki za su riƙe, ya nufi kotu.