Kafin ka mayar da tsohon rumbu gida a Ingila: wane bincike ya cancanci kuɗinka?

Wasu daga cikin manyan rumbunan hatsi da ake mayarwa gidajen zama a karkarar Ingila an gina su ne a harabar gidan mai ƙasa, wato babban gidan basaraken da ya mallaki gonakin yankin, na ƙarni na 12 zuwa na 15. Irin wannan haraba takan ɓoye tubalin gine-ginen da suka rushe, da tafkin kifi da aka cike, da gwalalon da ya kewaye gidan, wani lokaci har da kaburbura idan akwai ƙaramin coci a da. Tun 1990 ƙa'idar ita ce mai gini shi ke biyan kuɗin binciken kayan tarihi, don haka zaɓin da ka yi zai taɓa aljihunka kai tsaye.

Fara da duba matsayin wurin a jerin da hukumar kula da wuraren tarihi ta Historic England ke wallafawa kyauta a intanet. Idan filin yana ƙarƙashin kariyar dokar 1979 ta wuraren tarihi, haƙa ko da ramin bututu ba tare da izini ba laifi ne. Haka kuma rumbun da ke harabar gidan da aka yi wa rajista a matsayin ginin tarihi, idan yana nan tun kafin Yuli 1948, kariyar gidan na iya shafarsa ko da ba a ambace shi a jerin ba.

Zaɓi mafi araha shi ne binciken takardu. Masanin kayan tarihi zai duba kundin tarihin ƙasa na gundumar, da taswirorin zakkar coci na shekarun 1840, da hotunan sama, ya faɗa maka abin da ake zaton yana ƙasa. Yi shi kafin ka biya kuɗin rumbun. Sai dai zato ne kawai yake bayarwa.

Na biyu shi ne auna ƙasa da na'ura ba tare da haƙa ba. Na'urar maganaɗisu tana da sauri, kuma tana aiki sosai a buɗaɗɗen makiyaya, amma a harabar gona kusan asarar kuɗi ce: kwanon rufi, waya, tsofaffin ƙusoshi da ƙarfen cikin kankare duk suna rikita ta. A cikin rumbu ko kan daɓen kankare, na'urar rada ta fi dacewa, ko da yake jiƙaƙƙen yumɓu yana rage mata zurfi.

Ramukan gwaji su ne zaɓin da muka fi ba da shawara a kai idan gidan mai ƙasa yana kusa. Motar haƙa mai bokiti marar haƙora tana kankare ƙasa sannu a hankali, faɗin kusan mita 1.8, masani yana tsaye har a kai saman abin tarihi, sannan a ci gaba da hannu. A ƙaramin fili, inda aka sa ramin ya fi yawansa muhimmanci. A sa shi inda za a yi ainihin haƙa: layin magudanar ruwa, ramin tankin bahaya, hanyar mota, da cikin rumbun kansa. Mutane sukan manta da cikin, alhali sabon daɓe mai kariyar sanyi da bututun ɗumama ɗaki yakan ci zurfin santimita 40 zuwa 50, kuma tsohon daɓen sussuka da ramukan ginshiƙai sau da yawa ba su kai wannan zurfin ba. Amfanin ramin gwaji shi ne sakamakon yana zuwa tun mai zanen gini bai kammala ba, sai a ɗaga daɓe, ko a karkatar da bututu, a bar abin a inda yake. Barinsa a ƙasa ya fi tono shi araha nesa ba kusa ba.

Akwai kuma sa ido lokacin gini, inda masani ke tsayawa kan magina suna haƙa. A takarda yana da araha saboda kuɗin yini ake biya, amma ba shi da iyaka. Aka ci karo da bango, aiki ya tsaya, magina da motar haya suna cin kuɗi. Idan ƙasusuwan mutum ne, ba a ɗaga su sai da lasisin Ma'aikatar Shari'a bisa dokar 1857. Wannan zaɓi ya dace ne kawai inda binciken farko ya nuna haɗarin kaɗan ne.

Ginin kansa ma ana rubuta bayaninsa kafin a taɓa shi, kuma Historic England ta kasa wannan aiki mataki huɗu. Idan katakon oak ne mai zobban shekarun girma aƙalla 50, ana iya gano lokacin da aka sare shi, muddin ba a goge gefen da ke kusa da ɓawo da injin yashi ba. Kada ka bari a wanke katako kafin a ɗauki samfur.

Wajen kwatanta farashi, nemi kamfanin da ke da rajista da cibiyar ƙwararrun masu binciken kayan tarihi ta CIfA, ka tabbata jami'in tarihi na gunduma ya amince da rubutaccen tsarin aikin kafin a sa shebur. Tambayi kowane kamfani ko farashinsa ya haɗa da hayar mota, mayar da ƙasa, wanke da nazarin abin da aka samu, rahoto, da kuɗin ajiya a gidan tarihi. Hukumar tsara gine-gine ba ta sauke sharaɗin binciken da ta ɗora wa izinin gini sai waɗannan sun kammala, kuma sharaɗin da ba a sauke ba zai fito fili ranar da ka zo sayar da gidan.