GARGAƊI: mai “kayan tsofaffin babura daga Kamba” ya ci min ₦240,000

Assalamu alaikum jama'a. Akwai wani mutum da ke yawo cikin guruf-guruf na masu tsofaffin babura, Facebook da WhatsApp duka, yana cewa shi ɗan Kamba ne mai shigo da kayan Honda da Vespa da Suzuki na da daga tsallake. Ɓarawo ne. Ɗan damfara ne, kuma ya ci min naira dubu ɗari biyu da arba'in. ₦240,000, na sa da lamba don kada wani ya ce bai gane ba. Ban yafe ba, ko ya zo da limamin garinsu ban yafe ba.

Sikirinshot na nan tafe, da rasit na tiransifa duka uku da muryoyin da ya riƙa turo min, ina rufe lambobin asusun mutane ne don an ce min wasu asusun na masu POS ne waɗanda ba su san hawa ba ba su san sauka ba.

Kafin wani ya fara rubuta min “kai ma mi ya kai ka”, ku tsaya ku ji. Babur ɗin Honda CD175 ne na mahaifinmu Allah ya jiƙansa, malamin firamare ne, ya saye shi 1975 da kuɗɗin Udoji lokacin da ma'aikata sunka samu ariyas kowa ya ruga sayen babur da rediyo. Lambar da ke jikinsa ma tun muna ƙarƙashin Sakkwato ce, kafin a yanke Kebbi a 1991. Duk wanda ya tashi unguwarmu nan Birnin Kebbi ya san ƙarar babur ɗin nan, silinda biyu, salansa biyu, ba ya ihu irin na yaran yanzu. Tun rasuwar Baba yana jingine cikin shago an tula masa buhuna, tanki ya ci tsatsa har ya huje ta ƙasa, kabureta ta daskare, fistin sun kame ko ka hau kik da ƙafa biyu ba ya motsi. Bana bayan na sayar da shinkafa na ce sai na tada shi.

To matsalar ita ce kayansa. Honda sun bar yin CD175 tun 1979. Shiga kasuwa yau ka ce kana neman kontak, wato abin da ke sakar wa fulogi wuta a tsofaffin injina, yaron shago zai dube ka ya ce na waya? Su Boxer da Jincheng sunka sani, komai wutar zamani ta si-di-ai, komai batir mai volt 12, shi kuwa wanga batir mai volt 6 yake ci kuma wutarsa da kontak da kondensa take. Na duba Jega, na sa an tambaya min Ƙofar Ruwa a Kano, na aika saƙo har Nnewi, wanda ya ce akwai sai ya turo hoton abin da ko kusa bai yi kama da shi ba. Bakanike guda na samu a garin ga da ya san injin, dattijo ne ya kusa saba'in, muna ce masa Baba, shi ya sauke injin ya jiƙa shi da baƙin mai da kananzir har fistin sunka saki.

Sai na sa hoton babur ɗin a guruf ina cigiya. Da dare mutumin ga ya kira ni.

Abin da ya faɗa a kiran nan shi ke hana ni barci har yanzu. Bai ce min ga kaya turo kuɗɗi ba, wallahi bai ce ba. Cewa ya yi, “Alhaji kafin mu yi nisa, naka mai kabureta guda ne ko biyu? In biyu ne to CB ne ba CD ba, kada in turo ma abin da ba shi shiga.” Ku ji fa. Kabureta guda ko biyu. Ni da na zagaya kasuwanni ba wanda ya taɓa yi min wannan tambaya, kuma gaskiya ce tsantsa, CD175 kabureta guda gare shi tana ciyar da silinda biyu, giya huɗu, shi CB175 ne mai kabureta biyu da giya biyar. Ya ce sarƙarka a rufe take cikin gida ko? Na ce a rufe. Ya ce tankin da farin ƙarfe gefe da gefe da robar gwiwa? Na ce ƙwarai. Ya ce Allah ya jiƙan mai shi, mutanen da sun san abin saye. Ina zaune bakin gado sai da ƙwalla ta zo min.

Kabureta guda ko biyu. Ku gaya min wane ɓarawo ne ke fara magana haka.

Kuma bai tsaya nan ba, hana ni sayen kaya ya yi. Na ce ya haɗa min da fistin, ya ce a'a Alhaji kada ka yi gaggawa, bari bakanikenka ya auna bulok tukuna, in ya ci sai an yi borin, wato a faɗaɗa ramin silinda, lokacin za mu san ko fistin 0.25 ko 0.50 za a sa, in ka sayi sitanda yanzu asarar kuɗɗi ce. Na kai wa Baba bakanike wannan magana, ya ajiye sifana ya ce wanga yaro ya san aiki. Shi da kansa ya faɗa, mutumin da ya fi shekara arba'in yana kwance injin. Anka auna, 0.50 ɗin kuwa. To in dattijon da ya tsufa cikin baƙin mai ya ce yaro ya san aiki ni wane ne?

Kuɗɗin ga yadda sunka tahi. ₦185,000 tashin farko: tanki 70, kabureta 45, fistin biyu da ringi 40, salansa biyu 30. Sai ₦35,000 wai an tare kaya a hanya sai an yi sallama. Sai ₦20,000 wai mota ta lalace a Bunza za a sauya wa kayan mota. Ku haɗa. ₦240,000.

A'a tsaya, na tsallake abu mai muhimmanci, kafin 185 ɗin akwai na gwaji. Ni ba yaro ba ne, ban ɗauki kuɗɗi masu yawa na miƙa wa baƙo haka kawai ba. Na ce ya fara turo min kontak da kondensa da robar gwiwa guda biyu, ₦12,000, in gani. Kuma kayan SUN ZO. Sun zo tasha cikin ƙaramin kwali da sunana a jiki, Baba bakanike ya ɗaura kontak ɗin ya zauna daram, munka ga wuta a fulogi ranar, har na ɗauki bidiyo na tura wa Yaya a Kaduna. Wannan 12 ɗin ban sa ta cikin lissafi ba tunda kaya sun zo. Yanzu na gane tsaba ce ya watsa min kamar yadda ake yi wa kaza kafin a kama ta, amma a lokacin wa zai ce? Mutum ya san kabureta guda ko biyu, ya hana ka sayen fistin, ya turo ma kaya na gaskiya, sai mi ya rage?

Hoto ma na nema. Na ce ya rubuta sunana a takarda ya ajiye kan tankin ya ɗauka, ya turo, ga tanki fes da farin ƙarfensa da tambarin fiffike, ga takarda da sunana. Na kira bidiyo, ya ɗauka, fuska ta fito dishi-dishi sai ya yanke, ya ce sabis ɗin bakin iyaka ne layin Nijar ke shigo masa. Wanda ya san Kamba ya san ana haka. Har cewa na yi zan taso in zo da kaina tunda Kamba ba Legas ba ce, ya ce bisimilla Alhaji gidanka ne, sai dai yanzu ina Gaya ta Nijar wajen sito sai na ƙetaro, kuma akwai wani mutumin Zuru da ya taya tankin yana jiran amsa zuwa la'asar. Shi ke nan abin da ya sa na tura ranar. Ba kwaɗayin araha ba ne, 70 a tankin tsohon babur ba araha ba ce, masu cewa banza na hango su bar faɗa.

Asusun da ya ba ni na 185 sunan wani ne daban, na tambaya, ya ce na mai POS ɗin ƙofar shagonsa ne nasa ya kai iyaka. Na 35 kuma sunan mace ne. Ko na 20 ne na macen? Zan duba rasit, ɗaya dai cikinsu. Na 35 ɗin ranar Juma'a ne wannan na tabbata don bayan an sauko masallaci ya kira yana haki wai yana tsaye gaban kayan, ya ce Alhaji wallahi tallahi in ba a sallame su yanzu ba za su wuce da kwalin ofis kuma fitowarsa sai Allah, ni na riga na ba da goma daga aljihuna. Ka tura 185, za ka bar ta ta nutse saboda 35? Haka 20 ɗin ma. Kowa ke cika baki yanzu da shi ne a wurin da ya tura.

Kwalin ya zo fa, kada ku ce bai zo ba. Direba ya kira ni tasha, na ba shi ₦3,000 ita ma ban lissafa ba, kwali babba an naɗe shi da salatif ta ko'ina, da nauyinsa. Ban buɗe a tasha ba, garejin Baba na kai don mu buɗe tare, yaransa duk sun taru har da masu shayi na gefe don na sha ba su labarin tankin. Anka yanka salatif. Tankin Jincheng ne a lotse, ja, an cika shi da yashi don ya yi nauyi. Kaburetar ƙaramin janareta guda. Guntayen bulo naɗe da jarida. Babu fistin, babu salansa, ko ringi guda babu. Wani yaro ya fashe da dariya Baba ya daka masa tsawa. Na kira lambar a kashe, na duba WhatsApp hoton kansa ya ɓace, Facebook ya toshe ni. Direba kuwa ya rantse shi a bakin hanya wani yaro ya miƙo masa kwalin, ba ma a Kamba ba.

Cikin 240 ɗin nan dubu sittin ta Yaya ce, shi ya turo da kansa bayan ya ga bidiyon wutar fulogi ya ce a sa da hannunsa cikin gyaran babur ɗin mahaifinmu. Har yau ban iya kiransa ba, saƙo na tura. Uwargida ba ta ce komai ba, ta dai ce Allah ya mayar da alheri, wallahi da faɗa ta yi da ya fi min sauƙi. A majalisa kuwa an samu abin yi, wai da na ƙara kuɗɗi na nemi Boxer na hannu da yanzu ina hawa. Wa ya ce muku abin hawa na rasa? Ina da babur. Wancan na mahaifinmu ne.

Hoton tankin ashe ba nasa ba ne, ɗan ƙanwata da ke jami'a ya bincika ya gano shi a wani shafin sayar da tsofaffin kaya na Turai, tanki guda, tabo guda a gefen murfi, takardar sunana ɗora ta anka yi da waya. In ka ƙura ido takardar ba ta da inuwa. Wa ke duba inuwar takarda fisabilillahi?

Kuma ba ni kaɗai ba ne. Da na yi magana a guruf wani bawan Allah daga Gusau ya biyo ni ta gefe, shi Vespa yake gyarawa, ya turo min muryar da anka yi masa, murya guda ce sak, har da “Alhaji kafin mu yi nisa”. Shi ma da tambaya ya fara masa, shi ma an turo masa ƙaramin kaya na gaskiya tukuna, shi dai ce masa anka yi daga Illela. Lamba daban, suna daban. Kenan mutumin ga ko dai tsohon bakanike ne ko yana zaune kusa da wanda ya san injin, don abin da ya faɗa min kan CD175 ba a tsintarsa a hanya. Wannan ya fi ƙona min rai, mai wannan sani da sana'a ya riƙe da ya ci abinci da mu har ya gaji, mu nawa ne ke neman irinsa?

Na je banki na shigar da ƙorafi, sun karɓa sun ce riƙe asusun sai da takardar kotu, na kai rahoto wajen 'yan sanda kuma ina bin takardar. ₦240,000 dai ta fita, ko za ta dawo Allah masani, amma ba ni bari.

Ku dai kada ku tura wa kowa kuɗɗin kayan tsohon babur sai kaya na hannunku bakanikenku ya gani. In sunan asusu ya bambanta da na mai magana ku tsaya. Ƙaramin kaya ya zo ba hujja ba ce.

Wanda duk ya taɓa jin “Alhaji kafin mu yi nisa” a wayarsa ya yi min magana ta inbos, muna haɗa rasit ni da mutumin Gusau mu kai tare. Sannan har yanzu ina neman tanki da kabureta da fistin 0.50 na CD175, in akwai wanda ke da mataccen irinsa jingine a gida, Argungu, Jega, Yauri, Gwandu ko ina ne cikin jihar ga, ni da Baba bakanike za mu taso mu gani da ido mu biya a wurin. Kada kowa ya turo min hoto.