Teburin Jaridu na Gindin Darbejiya: Abin da Na Tarar Bayan Shekaru

A makon jiya wata buƙata ta mayar da ni teburin jaridun da na saba zuwa tun ina ɗalibi, wanda yake gindin wata darbejiya kusa da wani shataletale a cikin birnin Kano. Ƙanwata ce ta yi aure, banki kuma ya nemi ta kawo ainihin shafin jaridar da aka buga sanarwar sauya sunanta, domin hoton waya ba ya wadatarwa a irin wannan lamari.

Teburin yana nan yadda na san shi, an danne jaridu da ƙananan duwatsu saboda iska, sai dai kayan sun ragu ƙwarai. Akwai Daily Trust da Punch da Vanguard da Leadership, akwai kuma Aminiya, jaridar Hausa da kamfanin Media Trust ya fara bugawa a 2006, amma inda a da ake jibge ɗauri guda na kowacce, yanzu kwafi uku ko huɗu ne a jere. Rabin teburin ya koma wurin cajin waya da na'urar POS, kuma a nan ne samari suka yi cincirindo. Na ƙirga bakwai a kan benci, kowa ya sunkuyar da kai yana duba Facebook ko shafin BBC Hausa, babu wanda ya kai hannu ga jarida ko da sau ɗaya, alhali suna muhawara mai zafi a kan labarin da yake babban kanu a gabansu. Sun riga sun karanta shi tun jiya da magariba.

Ban ga laifinsu ba. Tun da masana'antar takardar jarida ta Oku Iboku da ke Jihar Akwa Ibom ta daina aiki, daga waje ake shigo da takardar, saboda haka karyewar darajar naira da cire tallafin man fetur a 2023 sun ɗaga kuɗin bugawa da na kai jarida gari-gari a lokaci guda. Ko da hukumar kula da sadarwa ta Najeriya, wato NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a farkon 2025, kuɗin jarida ɗaya yana iya saya wa matashi datar da zai wuni yana karanta kafofi goma.

Abin da ya fi burge ni a wurin shi ne mai teburin kansa. Da na ce masa, “Baba, bugun makonni uku da suka wuce nake nema,” bai tambaye ni komai ba sai sunan jaridar da ranar, ya shiga tona wani buhu, cikin minti ashirin ya zaro mini ita. Ya san jaridar da ta fi ɗaukar tallan kwangila da wadda lauyoyi suke nema saboda sanarwar kotu, ya kuma bar dattawan da ba su da kuɗin saye su ba da ɗan abin da ya sawwaƙa su karanta a tsaye. Wani daga cikinsu yana ɗaga murya yana karanta wa abokinsa mai raunin ido, abin da ya tuna mini yadda ake ba da labarin jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, kwafi ɗaya yana zagaya majalisa guda.

Kurakuran wurin a fili suke. Jaridun Legas ba sa isowa sai hantsi ya dubi ludayi, tsofaffin kwafi suna cushe a buhu ba tare da tsari ba, wasu rana ta cinye launinsu, kuma babu rumfar da za ta kare su idan damina ta sauka. Wanda labarin yau yake nema kada ya wahalar da kansa zuwa, amma mai neman takardar shaida, ko mai son dogon sharhin da waya ba ta barin mutum ya gama, zai samu biyan buƙata.

Na sayi kwafi biyu, na biya ta na'urar da ke gefen teburin. Ina naɗe su sai ɗaya daga cikin samarin ya ce, “Yaya, don Allah ɗan buɗe mini shafin tallan aiki,” ya ɗauki hotonsa da waya, ya koma benci.