Hattara da mai tallar kayan tsofaffin kwamfutoci yana cewa "sabo fil daga sito"

Assalamu alaikum jama'a, musamman masu ɗab'i, masu injin yankan sitika, masu injin surfani, da 'yan'uwana masu gyara. Akwai wani mutum da ke yawo a zaurukan saye da sayarwa na Facebook da WhatsApp yana tallar kayan tsofaffin kwamfutoci: bod (babban allon cikin kwamfuta) na 386 da 486 da Pentium, ayisi iri-iri (ƙananan baƙaƙen sassan nan masu ƙafafu da ke kan bod), faifan ajiya, har da katunan da suka yi wuyar samu. Kayansa sun fara zuwa teburina ta hannun mutanen da ya cuta, shi ya sa na ga bai kamata in yi shiru ba. Ambaton sunansa ba zai amfane ku ba, don yau Alhaji wane ne, gobe Injiniya wane, lambar wayar ma haka. Salonsa ne ba ya canzawa, shi zan kwatanta muku.

Ya san wanda yake farauta. Mutumin da injinsa ya shekara ashirin da biyar ko talatin yana aiki, kuma abin da ke tuƙa injin tsohuwar kwamfuta ce mai MS-DOS ko Windows 98, da kati a cikinta wanda ba ya shiga ko'ina sai ramin ISA, dogon baƙin ramin nan da aka daina sa wa kwamfutocin gida tun wajen shekarar 2000. Ranar da wannan kwamfuta ta ƙi tashi, injin gaba ɗaya ya kwanta, ga aikin mutane jibge, ga biki ya matso. Wanda ke cikin wannan hali ba ya dogon bincike, da an ce masa ga kaya sai ya tura kuɗi.

Babbar hajarsa ita ce ayisin agogo na Dallas, mai lamba DS1287. Wanda ya taɓa buɗe irin waɗannan kwamfutoci ya san shi: ɗan baƙin dunƙule ne mai tudu, da hoton agogo a bayansa. A cikinsa aka rufe agogo da ƙwaƙwalwar da ke riƙe saitin BIOS (manhajar da ke fara tada kwamfuta), tare da ɗan ƙaramin batir da aka binne a cikin roba, ba a iya buɗewa a canza. Kamfanin da ya yi shi ya ce batirin zai riƙe saiti kimanin shekara 10 idan babu wuta. To ku yi lissafi da kanku. Ayisin da aka yi a 1993, ko da a leda ya kwana tun ranar, ba wanda ya taɓa shi, batirinsa ya tsufa. Kuma DS1287 an daina yin sa tun da daɗewa, kamfanin Dallas ɗin ma Maxim ya saye shi a 2001. Saboda haka duk wanda ya ce maka yana da sabon DS1287 da aka yi kwanan nan, ƙarya yake yi, ko kuma shi ma an yi masa ita.

Abin da mutumin nan ke sayarwa tsofaffi ne da aka ɓamɓaro daga matattun bod, aka goge bayansu da sanfefa, aka shafa baƙin fenti, aka buga sabon rubutu. A jikin irin wannan ayisi akwai lamba huɗu da ke nuna lokacin da aka yi shi, biyu na farko shekara, biyu na ƙarshe mako. Idan ka ga 9423, mako na 23 ne na 1994. Wannan lamba suke canzawa. Gane su ba wuya. Samo ruwan goge farce irin na mata, ka ɗiga a auduga, ka murza bayan ayisin. Na gaskiya ba ya sakin komai, jabu kuwa audugar baƙi ƙirin za ta yi, wani lokaci har tsohon rubutun ya leƙo daga ƙasa. Sannan ka duba ƙafafun. Ayisin da bai taɓa hawa bod ba ƙafafunsa sumul suke, wanda aka ciro kuwa za ka ga ragowar dalma ko wani ƙyalli da bai tafi daidai ba, alamar an sake tsoma su a dalma don su yi kyan gani. Idan ka sayi biyar kuma duk lambarsu ɗaya ce amma tsayin tudunsu ya bambanta, ba sai an gaya maka ba.

Bod ɗin da yake turowa sun fi ban takaici. Yawancin bod na 386 da farkon 486 suna da wani batir mai siffar ganga, na 3.6V, galibi shuɗi ko kore, an like shi da dalma kusa da inda ake jona kibod. Idan ya tsufa yoyo yake yi, ruwansa kuma yana cin layukan tagulla, ya bar wata koriyar tsatsa mai shuɗi-shuɗi. Ɓarnar ba ta tsayawa a inda ido ke gani, tana bi ta ƙarƙashin koren fentin bod, ta shiga ramukan da ke haɗa sama da ƙasa, ta ci gaba da ci ko bayan an cire batirin, matuƙar ba a kashe kaifinta da ruwan khal an wanke da sifirit ba. Shi wannan bawan Allah sai ya yanke batirin, ya goge wurin da buroshi, ya ɗauki hoto ta kusurwar da ba ta nuna gefen kibod. Hoto biyar zai turo maka, babu ɗaya da ya haska wurin. Bod ɗin zai iya tashi yau, mako mai zuwa kibod ya daina amsawa, daga nan kuma shiru.

A kan bod na Pentium 4 kuma wata ƙaryar yake yi, wai an canza duk kafasitocin. Gaskiya ne daga 1999 zuwa wajen 2007 an yi annobar kafasita marasa kyau, masu kumbura kai suna fitar da ruwan ƙasa-ƙasa, kuma canza su gyara ne na ƙwarai. Amma aikin da aka yi yana barin sawu. Juya bod ɗin ka duba ƙasansa: inda aka sa sabuwar kafasita dalmar wurin za ta bambanta da ta kamfani. Nasa babu ko ɗigo. Goge kumburarrun kawai yake yi da tsumma.

Zai turo maka bidiyo, ya ce gani ya kori ji. Bidiyon na daƙiƙa goma ne, kwamfuta ta kawo rubutun BIOS, ta ƙirga ƙwaƙwalwa, ya yanke. Wannan bai tabbatar da komai ba. Ba ka ga lambar bod ɗin ba, ba ka ga an danna kibod ba, ba ka ga an sa kati a ramin ISA ya yi aiki ba, wanda shi ne dalilin sayen tun farko. Rubutun BIOS ma ba abin dogaro ba ne: tun a tsakiyar shekarun 1990 an yi wasu bod na 486 masu araha da aka lika musu ayisin kaash (ƙwaƙwalwar da ke ƙara wa kwamfuta sauri) na bogi, roba zalla babu komai a ciki, BIOS ɗin kuma ya rubuta cewa akwai. Irin waɗannan har yau suna yawo a kasuwa. Mutum biyu da ba su san juna ba sun nuna mini bidiyon da ya tura musu, iri ɗaya ne sak, alhali bod ɗin da suka karɓa daban-daban ne.

Daga nan sai zancen kuɗi. Ba ya yarda a haɗu, kullum yana wani gari. A tura kuɗi duka, ko aƙalla rabi kafin alƙalami, zai sa kaya a mota ya ba ka lambar direba. Sunan da ke kan asusun ba shi ne sunan da ya gaya maka ba, zai ce na ƙaninsa ne. Cinikin biri a sama ke nan. Wasu kayan ba sa zuwa sam. Waɗanda nasu ya zo kuma suka koma da ƙorafi, amsarsa a shirye take, kuma a nan na gane ya san aikin, ba jahili ba ne. Zai ce kai ka ƙona shi. Zai tambaye ka yadda ka jona filogin wuta biyun nan na tsohon tsarin AT, P8 da P9, don ya san idan ba a haɗa baƙaƙen wayoyin a tsakiya ba bod na iya ƙonewa. Ko ya ce jan makunnin bayan akwatin wuta yana kan 115 ka jona a wutarmu ta 230, abin da ke faruwa da gaske da kayan gwanjon Amurka. Duka biyun kurakurai ne da ake yi, shi ya sa wanda ya saya sai ya fara zargin kansa. Kafin ya gama tunani an toshe lambarsa.

Yana kuma karɓar gyara, kuma wannan ne ya fi tsaya mini a rai. Idan batirin tsohuwar kwamfuta ya mutu, BIOS yakan manta bayanan faifan ajiya, wato adadin silinda da kawuna da sassan da aka shigar masa da hannu. Sai kwamfuta ta ce ba ta ga faifai ba, alhali lafiyarsa ƙalau. A kan kwamfutar IBM PS/2 ma lamba take nunawa, 161 da 163, ma'ana batir ya mutu, agogo ya ɓace. Gyaran bai wuce a sa batir a mayar da waɗancan bayanan faifan ba, sau da yawa ma suna nan rubuce a jikin faifan. Shi kuwa sai ya ce faifai ya mutu, a turo masa kwamfutar gaba ɗaya. Tana zuwa ya zare faifan mai ɗauke da manhajar injin, ya zare katin ISA, idan akwai ɗan makullin manhaja da ake jonawa a ramin firinta ya haɗa da shi, ya dawo maka da kwango. Waɗannan ukun su ne ran injin, kuma su zai sayar wa wani mai irin injinka a wani gari.

Masu tara tsofaffin na'urori don sha'awa, ku ma bai bar ku ba. Na ga yana tallar ayisin sauti na tsohuwar kwamfutar Commodore 64, wato SID. Iri biyu ne, 6581 mai aiki da 12V da 8580 mai aiki da 9V, kuma idan aka sauya wa 8580 rubutu ka sa shi a gurbin 6581, ka kashe shi.

Kafin ka tura wa kowa sisi, ka nemi bidiyo kai tsaye kana kallo, a rubuta sunanka da kwanan wata a takarda a ajiye a gefen bod, a haska maka gefen kibod da ƙasan bod da kyau, a shiga BIOS a danna maɓallai kana gani. Mai gaskiya ba zai ƙi ba. Idan garin da nisa, ka nemi wani naka a can ya je ya gani da idonsa. Kwamfutarka kuma kada ta bar shago sai ka cire faifan da katin da makullin ka adana. Tun tana lafiya ma ka ɗauki hoton kowane shafi na BIOS da waya, ka sa a kwafe maka faifan gaba ɗaya. Wanda ya riga ya tura kuɗi ya garzaya bankinsa a ranar, da rasit da hirarrakin, sannan ya kai rahoto ga 'yan sanda ko EFCC.

Wanda kuma Dallas ɗin mutumin nan ke hannunsa, kada ya yar tukuna. Idan tsohon na gaskiya ne aka yi wa fenti, agogon cikinsa yawanci yana da rai, batirin ne kawai ya mutu. Ana fafe gefen robar a hankali har a kai ga wayoyin batirin ciki, a yanke shi, a lika gidan batir na CR2032 a sama, irin wanda ake samu wurin masu agogo. Kowane mai gyaran rediyo mai nutsuwar hannu zai iya, in ka nuna masa inda zai fafe.