Injin RX300 ko Highlander ya buga: wanne za ka saya idan a gida za ka ɗora?

Duk mai tsohuwar Lexus RX300 ta 1999 zuwa 2003, ko Highlander mai fulogi shida ta 2001 zuwa 2003, inji ɗaya yake hawa, wato 1MZ-FE mai lita 3.0. Inji ne mai juriya, amma yana da lalura guda: idan ana wasa da juyen baƙin mai, man yakan daskare a cikinsa ya zama kwalta, ya toshe rariyar famfon mai, daga nan sai ƙara, sai bugawa. Matsalar ta kai ga shari'a a Amurka, har Toyota ta yi sulhu da masu motoci a 2007 kan injunan shekarun 1997 zuwa 2002. To idan naka ya buga, kuma ka ƙudura a ƙofar gidanka za a sauke a ɗora, hanyoyi huɗu ne a gabanka, kuma ba darajarsu ɗaya ba.

Ta farko a buɗe naka a gyara. Idan hayaƙi kawai yake yi ko gasket ya ƙone, wannan magana ce. Amma injin da ya buga ya riga ya ci karanshaf, kwaltar da ta kashe shi tana nan maƙale a hanyoyin mai, ga ring da metal na jabu sun cika kasuwa. Ka biya kuɗin kaya, ka biya na injiniya, bayan 'yan watanni ka dawo inda ka tashi. Ta biyu injin da aka cire daga wata motar a nan gida; wannan ciwon wani za ka saya da kuɗinka. Ta uku a juya motar zuwa fulogi huɗu, ko a ɗora mata 3MZ mai lita 3.3 na Highlander 2004. Ka ƙyale. Giyabos, wayoyi da ƙwaƙwalwar mota duk sai an taɓa, kuma 3MZ totur ɗinsa na lantarki ne alhali naka na kebul ne. Wannan ba aikin tsakar gida ba ne.

Ni a wurina zaɓi ɗaya ne: cikakken 1MZ ɗan Beljiyam, wato wanda aka ciro daga mota a ƙasar waje, wanda bai taɓa shan ruwan ƙasar nan ba, wanda ka je da ƙafarka ka zaɓa. Sunan kawai ne Beljiyam. Da yawansu daga Amurka da Kanada suke, wasu daga Japan ta hanyar Sharjah da ke kusa da Dubai. Na fi son na Japan. A can RX300 sunanta Harrier, Highlander kuma Kluger, kuma Estima da Alphard ma sun hau wannan injin, saboda haka yana da yawa. Binciken lafiyar mota da suke yi duk shekara biyu yana da tsada, sai mutane su rabu da motar tun injin bai gaji ba. Na Amurka ya sha doguwar hanya, kuma idan daga jihohin ƙanƙara ya fito za ka ga gishiri ya cinye notinansa. Amma ko daga ina ya zo, abin da ya sa nake tsayawa a kansa shi ne tun daga masana'anta ba a taɓa buɗe cikinsa ba, an ɗaure kowane noti da awo. Ga mai aiki a gida kuwa ba ka da wanda ya fi shi sauƙi: ka kwance, ka ɗaga, ka saukar, ka mayar da kowane soket mazauninsa. Kada ka yarda da rabin inji, wato bulok kawai. Rangwamen da aka yi maka zai tafi a gasket, da notin kai, da neman wanda ya iya saita taimin.

Sai dai 1MZ iri biyu ne, kuma nan ake fara cutar mutane. Naka mai VVT-i ne, wato tsarin da ke sauya lokacin buɗe bawul da matsin mai. Tsohuwar Camry mai fulogi shida ta shekarun 1990 ba ta da shi, kuma a ido kamar su ɗaya. Ka duba kowane kai na injin, dole ka ga bawul ɗin mai da soket ɗinsa, ɗaya a gaba ɗaya a baya. Idan babu, ko rantsuwa aka yi maka cewa zai zauna, ka wuce. Zai zauna ɗin, amma ƙwaƙwalwar motar za ta yi ta neman abin da babu.

Babbar cuta kuwa ita ce injin gida da aka wanke aka sa masa rigar Beljiyam. A Ladipo ta Legas, da Ƙofar Ruwa ta Kano, da Panteka ta Kaduna, da Apo ta Abuja, akwai 'yan kasuwa na kirki masu tsoron Allah, kuma a tsakaninsu akwai waɗanda wannan ce sana'arsu. Wani ya taɓa sayar mini da irinsa. An wanke shi da fetur yana ƙyalli, an yi masa rubutu da farar maka, an yanke tiyo-tiyonsa da wuƙa kamar yadda masu fasa motoci a waje suke yi, an cika shi da mai mai kauri don ya rufe ƙara. Da aka juye man aka zuba na ƙa'ida sai ya fara magana. Tun daga nan ƙyallin inji ba ya burge ni, kallon kitse ake yi wa rogo. Injin da ya zo da tsohuwar ƙurarsa da maiƙonsa ya fi kwanta mini a rai.

Ga inda ba su iya ɓoyewa. Ka sa a kwance gidan tamostat. Makanikanmu da yawa suna cire shi su jefar, wai ƙasar zafi ce. Idan ka tarar babu, injin nan ya yi zama a nan. Ka leƙa hanyar ruwan da tocila. Wanda ya sha ruwan lagireto na gaske cikinsa fes yake, da ɗan jan launi ko kore. Wanda ya sha ruwan rijiya tsatsa ce da farin gasa-gasa. Ka zura yatsa cikin kwarin da ke tsakanin kawunan biyu, ƙarƙashin manifol, inda buroshi ba ya kaiwa. Jar ƙasarmu takan kwanta a wurin. Ka dubi kawunan noti ko sifana ta cije su. Ka dubi gefen kaskon mai: gam da ya tumbatso ta ko'ina, ja ko shuɗi, ba aikin Toyota ba ne.

Kada ka gamsu da buɗe murfin zuba mai, akwai faranti a ƙarƙashinsa da ke tare ido. Ka ce, "Alhaji, a buɗe mini murfin kai na gaba, kuɗin gasket ɗin a kaina." Launin zuma ko na shayi kake son gani. Idan baƙi ne mai ɓarɓashi, ka yi sallama. A buɗe kaskon mai ma, ka murza abin da ke ƙasa a yatsa ka kai rana. Ƙyalli-ƙyallin ƙarfe alama ce metal ya fara ci. A cire fulogi, a sa soket mai lamba 22 a notin karanshaf, a juya zagaye biyu, ka ji ko'ina santsi ba inda ya cije. Idan akwai halin gwada matsi, littafin Toyota ya ce kada ya gaza 145 a ma'aunin psi, kuma bambanci tsakanin silinda kada ya wuce 15. Mai kayan da ya ƙi a buɗe ya riga ya ba ka amsa.

Kuma kada ka matsa daga wurin sai an loda shi a motar da za ta kai maka gida a gabanka, domin ana musanya inji tsakanin shago da bakin titi. Ka karanta lambar da aka buga a jikin bulok da kanka, a rubuta ta a rasit da sunan shago. Ita ce hujjarka idan za ka mayar, ita ce kariyarka idan injin na sata ne, kuma da ita za ka je a gyara takardun mota. Ɗan kamasho da ya tare ka tun daga ƙofar kasuwa, ladansa daga aljihunka zai fito. Maganar garanti kuma ta fi shafar mai aikin gida, saboda kwanakin da za su ba ka kaɗan ne, kuma daga ranar saye suke ƙirgawa. Saboda haka ka fara sauke tsohon, ka tanadi komai, sannan ka tafi kasuwa. Ka faɗa wa mai kayan a fili cewa a gida za a ɗora, a rubuta, don kada gobe ya ce ba makanikensa ya ɗora ba.

Wajen ɗagawa, ka sani Toyota ta tsara a sauke injin ne ta ƙasa, haɗe da giyabos da gadonsu, kuma hakan sai da na'urar ɗaga mota. A gida ta sama ake bi, a cire bonet da lagireto da manifol, a raba inji da giyabos. A mai jan ƙafa biyu abin da sauƙi. A mai ƙafa huɗu wurin ya matse sosai ta baya, sai da haƙuri. Idan kana da daɓen siminti ka yi hayar kuren mai taya, shi na fi so, don yana ba ka damar matsawa kaɗan-kaɗan. Ka lura da rubutun jikinsa: wanda aka ce tan 2 ne, idan aka miƙe hannunsa gaba ɗaya rabin tan yake ɗauka, wanda ya ishi wannan injin amma ba da wasa ba. A kan ƙasa sai cen bulok da ƙafa uku na bututu mai kauri. Reshen darbejiya ba abin rataya inji ba ne. Bulo ma ba abin tokare mota ba ne, yana fashewa ba gargaɗi. Ka samo matokaran ƙarfe. Ka cire kan batir tukuna. Kwamfuresan AC da famfon sitiyari a kwance su a ɗaure gefe da tiyonsu, ba sai an zubar da gas ba. Kowane soket ka manna masa tef da lamba, ka ɗauki hoto da waya. Notin kwanbata, wato abin da ke haɗa inji da giyabos, guda shida ne, a kwance su duka kafin a raba, kwanbatar ta zauna cikin giyabos. Idan ta zamo ba a mayar da ita ta zauna daram ba aka ja da noti, famfon giyabos ne zai fashe.

Kafin sabon ya shiga, yana ƙasa kana zagaya shi, ka sauya taimin belet da famfon ruwa, sil na gaba da na bayan karanshaf, gasket ɗin murfin kai, fulogi ukun baya, da tamostat. Kada ka manta da sansar bugu guda biyu da wayarsu da ke cikin kwarin nan. Idan ɗaya ta mutu, RX300 takan ƙi shiga giya ta huɗu, mutum ya yi ta zargin giyabos. Ka mayar da manifol ɗinka da totur da wayoyinka na asali, bayan ka wanke manifol ɗin sarai. A wanke lagireto a gwada fankoki, don abin da ya kashe na farko yana iya kasancewa a nan.

Ranar tayarwa, ka zuba baƙin mai 5W-30 wajen lita 4.7 da sabuwar filta, ka cire fiyus ɗin EFI, wato na tsarin feshin fetur, don kada injin ya tashi, ka murza makulli a taƙaice har fitilar mai ta mutu, sannan ka mayar da fiyus ka tayar. Ka bar shi ya yi zafi har fanka ta tashi da kanta, kana duba ƙasa ko akwai ɗigo. Ka zaga da motar sosai a kwanakin farko tun garanti bai ƙare ba, kuma ka juye wannan man da wuri ka duba abin da ya fito.