Rediyo da wayar hannu: wanne ya fi juya mutum?

Rediyo da murya ɗaya yake yi wa kowa magana. Abin da na ji da safe shi maƙwabcina ya ji, don haka in mai gabatarwa ya yi ƙarya, akwai dubban kunnuwan da za su kama shi. Sai dai muryar nan in ta karkace, da jama'a masu yawa take tafiya. A Ruwanda a 1994, gidan rediyon RTLM ya riƙa zuga mutane su kashe 'yan ƙabilar Tutsi, daga baya kotun Majalisar Ɗinkin Duniya ta hukunta wasu jagororinsa.

Ita kuwa waya raɗa take yi maka a kunne, kai kaɗai. Facebook, TikTok da YouTube suna lura da bidiyon da ka tsaya a kai, daƙiƙa nawa ka yi, wanne ka wuce da sauri, sai su ƙaro maka irin wanda ya riƙe ka. Da talla suke samun kuɗi, talla kuma tana son idonka ya daɗe a kan allo. Na taɓa duba wani takalmi sau ɗaya tak. Kwana da kwanaki hotonsa na bina duk shafin da na buɗe, har na saya, alhali ina da wanda bai tsufa ba.

Ni dai wayar ta fi tayar min da hankali. Shirin rediyo yana ƙarewa, ka tashi ka kama aikinka, amma yatsa ba ya kai ƙarshen TikTok. Sai ka ga mutum biyu a ɗaki ɗaya, kowa da labarin da aka tace masa, kuma kowannensu ya yi imani shi ya zaɓa da kansa.