Gargaɗi Ga Masu Neman Aikin Koyarwa A Sashen Kimiyyar Siyasa

Wata sanarwa tana yawo a zaurukan WhatsApp da shafukan Facebook, ɗauke da tambarin wata jami'ar gwamnatin tarayya, tana cewa ana neman malaman kimiyyar siyasa, kuma wai guraben na maye gurbin waɗanda suka yi ritaya ne, shi ya sa ba a buga su a jarida ba. Wannan aikin 'yan damfara ne, kuma waɗanda suka fi sa wa ido su ne matasan da suka kammala digiri na biyu, suna koyarwa a makarantun kuɗi kafin Allah ya kawo wani abin.

Duk wanda ya kira lambar da ke ƙasan sanarwar, wani mutum mai taushin murya zai amsa masa da cewa shi jami'i ne a ofishin magatakarda. Zai nemi a tura masa takardun karatu da shaidar yi wa ƙasa hidima ta wani adireshin Gmail, alhali adireshin jami'o'in Najeriya da edu.ng yake ƙarewa. Daga nan sai kuɗin fom, sai kuɗin tantancewa, sai na goron wasu manya da ba za a taɓa faɗin sunayensu ba, duk kuma a asusun wani mutum ake zubawa. Tun 2015 kuɗin hukumomin gwamnatin tarayya asusun bai-ɗaya na TSA suke shiga, saboda haka lambar asusu mai sunan mutum kaɗai ta isa ta tona musu asiri.

Abin da ya fi ruɗar mutane shi ne takardar kama aiki da suke turowa, da hatimi da sa hannu kamar gaske. Amma ba haka ake ɗaukar malami ba. Sashe da tsangaya ne suke duba takardun mai nema, a kira shi ya zauna gaban malaman da za su tambaye shi a kan bincikensa da fannin da zai koyar, ko dangantakar ƙasa da ƙasa ce ko falsafar siyasa, sannan kwamitin naɗe-naɗe da ƙarin girma ya amince kafin magatakarda ya rubuta takarda. Mutumin da ba a taɓa yi wa tambaya ko ɗaya ba, a ce an ba shi matsayin da masu digirin digirgir ke fafutukar samu, ai ya kamata jikinsa ya ba shi.

Hasarar ma ba ta tsaya a kuɗi ba, domin wanda ya ajiye ƙaramin aikin da yake yi ya nufi jami'a da takardar jabu, shi za a fara tuhuma kafin a nemi wanda ya ba shi.

Wanda ya riga ya biya, ya sanar da bankinsa nan take, ya adana rasit da saƙonnin da suka yi musaya, sannan ya kai ƙara ga hukumar EFCC ko 'yan sanda. Wanda bai biya ba kuwa, ya taka da ƙafarsa zuwa ofishin magatakardar jami'ar ya tambaya ko akwai gurbin.